Sallar da Babu Hawa

Ƙaramar Sallar shekarar 2020 ta iso Batagarawa shiru, kamar baƙon da ya sauka a gidan makoki. Annobar korona ta sa an rufe makarantu tun watan Maris, aka kuma sanar cewa babu hawa a Katsina. Duk wanda ya tashi a gefen birnin nan ya san nauyin wannan sanarwa a zuciyar yaro. Tun muna ƙanana, Sallarmu ba ta cika sai mun cusa kanmu cikin motar haya mun shiga gari, mun kutsa tsakanin ƙafafun manya a Ƙofar Soro, mun ga dawakai cikin ado, mun ji ƙarar bindigogin 'yan baka har cikin haƙarƙarinmu, kashegari kuma mu koma don Hawan Bariki. A waccan shekara sai aka ci tuwon Sallah, aka sa sababbin kaya, aka zauna ana kallon juna.

A gidanmu kuwa shirun ya riga annobar zuwa. Yayana ya rasu wata tara kafin nan, bayan gajeriyar jinya. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta, ɗansu ɗaya ya zauna a hannun mahaifiyarmu. Sunan mahaifinmu yaron ya ci, saboda haka muke kiransa Abba, Inna kuwa ba ta kiransa da komai sai Maigida. Ranar rasuwar an ɗauke shi zuwa maƙwabta tun kafin a fito da makara, da ya dawo da yamma aka ce masa babansa ya yi tafiya. Ba mu taɓa zama muka shirya wannan magana ba. Wani ne ya faɗe ta don ya tsayar da kukan yaro, sauranmu muka riƙe ta saboda ta fi sauƙin ɗauka. Wata tara Abba bai tambayi ranar dawowa ba, mu kuma muka ɗauki shirunsa a matsayin mantuwa irin ta ƙuruciya.

Ya kamata in faɗi matsayina game da katun kafin wannan Sallah, domin ba matsayin abin alfahari ba ne. Na san shi tun ina yaro, lokacin da akwatin talabijin ɗaya ne a layinmu, tashar NTA kuma ba ta buɗewa sai da la'asar. Mukan zauna a kan tabarma a tsakar gidan mai akwatin, mu kalli Tom and Jerry, kyanwa da ɓeran da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙira a Amurka tun 1940. Ba ma buƙatar Turanci don mu yi dariya, kuma a ɓeran nan muna ganin wani abu na Gizo, ƙaramin da yake kayar da babba da wayo. Sai dai ko sau ɗaya ban ga Sallah a cikin akwatin nan da siffar zane ba. Idan biki ya zo a katun, dusar ƙanƙara ce da itace mai fitilu da tsoho mai jar riga. Mun kalla, mun ji daɗi, amma mun san bikin wasu ne muke leƙe ta taga.

Da na girma na zama malamin Hausa a makarantar sakandare, sai na ɗauki katun na ajiye shi a layin abokan gaba. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa shi ne ya kashe tatsuniya, shi ya raba jika da cinyar kakarsa, shi ya sa yaro ya san sunan kowane jarumin ƙasar waje amma bai san wace ce Ƙoƙi ba. Akwai gaskiya a cikin wannan zargi, har gobe ban janye shi duka ba. Laifina shi ne na yanke hukunci a kan abin da na daina kallo shekara ashirin, alhali ni ne mai tsawata wa ɗalibi idan ya yi sharhin littafin da bai karanta ba.

A cikin azumin waccan shekara, da zaman gida ya ishi kowa, wani ƙanenmu ya kai katin waya wurin masu tura fina-finai, aka cika shi da katun don Abba ya bar Inna ta huta. Na yi gunaguni, aka rinjaye ni. Cikin tarkacen da aka turo akwai wani shiri na wasu tagwaye masu ƙwalƙwal ɗin kai, ɗaya da silin gashi guda a tsakar ka. Ba Turanci suke yi ba, ba Larabci ba, ba kuma Indiyanci ba. Abba bai jin ko kalma ɗaya, amma ya bar duk sauran ya liƙe wa wannan. Ranar Sallah da hantsi, da na ga ya ƙi fita yawon Sallah da sa'o'insa, ya takure a zaure da wayata, sai na zauna kusa da shi da niyyar mai bincike, ina neman hujjar da zan goge katin.

Daga baya na san sunan shirin Upin & Ipin, kamfanin Les' Copaque na ƙasar Malesiya ya yi shi, kuma ya fara fitowa a 2007 a matsayin shiri na musamman don azumi da Sallah, kashi shida gajeru. Tagwayen 'yan shekara biyar ne, marayu, suna zaune a ƙauye tare da kakarsu da yayarsu mace. A ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na gani shi ne yara biyu ana tashinsu sahur suna layin barci, da rana suna leƙen abinci suna haɗiyar yawu, da magariba suna wawurar kwano, da dare suna wasa a bakin masallaci maimakon tarawihi. Na ga tsohuwa mai lallashi da budurwa mai tsawa. Gidan katako ne a kan dirkoki, itatuwan ba irin namu ba ne, abincin ban san sunansa ba, amma babu abin da ya ɓace mini. Na yi dariya ban shirya ba, domin na tuna ranar da na sha ruwan alwala a azumina na farko na fito ina lasar leɓe.

Sai aka zo wani wuri da kiɗan ya lafa. Tagwayen suna tsaye da kakarsu da yayarsu a maƙabarta, gaban kabarin iyayensu, sun ɗaga 'yan hannuwansu. Ba a daɗe a wurin ba, ba a kuma cika shi da kuka ba. Abba ya sa yatsa ya mayar da hoton baya, ya sake kallo, ya sake mayarwa. Yadda yatsan ya san daidai inda zai tsaya ya nuna mini cewa ba yau ya fara ba.

“Baffa,” ya ce, bai ɗago kai ba, “su an kai su wurin nasu.”

Na ce, “Wurin wa, Abba?”

“Wurin babansu. Ni ina nawa yake?”

Na buɗe baki in maimaita maganar tafiya, sai na ga ba za ta fita ba. Yaron bai tambaye ni yaushe babansa zai dawo ba. Ya riga ya san amsar wannan, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Wataƙila a bakin yaran unguwa ya ji, wataƙila a fuskar uwarsa ya karanta. Wata tara yana riƙe da sani shi kaɗai, yana taya mu ɓoye abin da muke zaton muna ɓoye masa. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zauren nan na ga ranar da karin maganar ta juya.

Na shiga wurin Inna na gaya mata. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, sannan ta ɗaga murya ta kira shi.

“Maigida, zo nan. Ashe kishiya ka samu a cikin waya har take gaya maka abin da ni ban gaya maka ba?”

Ya yi murmushi kaɗan, ya zauna a gefen tabarmarta. Ta gyara masa hula, ta dube ni ta ce, “Ka kai shi. Haƙƙinsa ne. Mu ne muka ji tsoro, ba shi ba.”

Bayan la'asar muka tafi, shi cikin sabuwar shaddarsa da ta yi masa yawa. A hanya sai wani tsoro ya kama ni wanda ban zata ba. Kabarin da ya gani a waya yana da alama a tsaye, mu kuwa ba mu saba rubuta suna ba. Tudun ƙasa ne, sai ɗan fasasshen tulu ko reshen ƙaya, damina ɗaya ta isa ta daidaita shi da maƙwabtansa. Ni da na sa hannu na karɓi Yaya a cikin ramin, ban koma ba tun ranar. Na tuna akwai bedi daga gabas, na tuna mun taka kamar ashirin daga gindinsa, amma da muka isa sai na tarar sababbin layuka sun cike wurin. Na yi ta kai da komo, yaro na biye da ni, gumi na karyo mini. Da ƙyar wani dattijo mai kula da wurin ya tambaye ni watan rasuwar da gidan da aka fito da gawar, ya yi shiru yana lissafi, ya kai mu gaban wani tudu da ya fara kwantawa, ya ce in Allah ya so nan ne.

Abba ya tsaya, ya ɗaga hannuwa daidai yadda ya ga tagwayen sun yi. Na koya masa sallamar da ake yi wa mazauna kabari, ya maimaita. Bai yi kuka ba. Ni ne na yi, karo na farko tun ranar jana'iza. Da za mu tafi ya tsinci wani farin dutse ya ajiye a wajen kai, ya ce don kada mu sake ɓata.

Tun daga ranar na koma ɗalibin abin da na raina. Na nemi irin waɗannan shirye-shirye na bukukuwa na kalla da idon mai nazari, na tarar al'ada ce mai tarihi. A Amurka, tashar CBS ta nuna A Charlie Brown Christmas a Disambar 1965, daga zanen Charles Schulz, kuma an shafe shekaru fiye da hamsin ana maimaita shi duk Kirsimeti. Labarin yaro ne da bikin ya zo masa da ƙunci maimakon murna, ya je sayen itacen ado ya zaɓo mafi ƙanƙanta da rama, abokansa suka yi masa dariya. Yara na gaske aka sa suka yi muryoyin, har ana jin tuntuɓen harshensu. A Masar, Mona Abul Nasr ta fito da Bakkar a 1998, yaron Nuba da 'yar akuyarsa Rashida, ya zama abokin buɗa-bakin yaran ƙasar shekara da shekaru. A Dubai, Mohammed Saeed Harib ya fito da Freej a azumin 2006, labarin tsofaffin mata huɗu a tsohuwar unguwa da dogayen benaye suka yi wa zobe.

Da na jera su sai na ga abin da ya haɗa su. Kowanne ya tsaya a gidansu, da tufafin gidansu da karin harshen gidansu, kuma wannan tsayuwar ce ta ba shi ƙafar zuwa nesa. Kowanne kuma ya yarda cewa ranar biki ba farin ciki zalla ba ce. Duk wanda ya taɓa rasa wani ya san babu ranar da gurbin mamaci yake fitowa fili kamar ranar Sallah, lokacin da ake rabon nama ko ɗinki a tarar lissafi ya ragu da mutum ɗaya. Manya sun san haka suna daurewa, yara sun san haka ba su da kalmar faɗa. Shiri nagari yakan ba yaro siffar abin da yake ji, ya bar masa sauran. Akwai kuma sirrin dawowa. Shirin da ake nunawa sau ɗaya a shekara yakan shiga jikin bikin kansa, kamar ƙamshin turaren wuta ko ɗaurin lalle, har yaro ya girma yana auna shekarunsa da shi.

Ba duka ne nagari ba, kuma a nan tsohon zargina yake da sauran rai. Da yawa daga na zamanin nan kwamfuta ta wanke su tas, launi kamar a lasa, motsi sumul, amma idan an gama babu abin da ya saura a zuciya sai sha'awar sayen abin wasan da aka zana. Wasu kuma wa'azi ne aka sa wa hular katun, yaran ciki ba sa ƙiriniya, ba sa mantuwa, ba sa satar kallon tukunya, suna magana kamar limamai. Yaro yakan gane irin wannan da wuri, ya ba shi baya. A fim, hoto ashirin da huɗu ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya kafin ido ya ga motsi, kuma masu zanen hannu na da sukan zana goma sha biyu su nuna kowanne sau biyu don rage wahala. Yau na'ura ta ɗauke rabin wannan nauyi, sai dai ba ta san inda ya kamata kiɗa ya lafa ba. Kashin farko na tagwayen Malesiya, idan aka gwada shi da na yanzu, zanensa ɗanye ne, motsinsa da ɗan tauri. Bai hana shi yin abin da mu manya biyar muka kasa yi a wata tara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da ɗan Yayana ya je ƙauyen Malesiya kafin ya sami mai yi masa maganar mutuwar ubansa. Na gode wa waɗanda suka yi shirin, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ba kayan aiki muka rasa ba. Muna da tashe, wanda yara suke fita yi tun daga goma ga azumi, wasan kwaikwayo cikakke da shiga da raha da hannunka-mai-sanda. Muna da daren jajibiri da layin yara a shagon tela, ana leƙen ko an sa wa riga aljihu. Muna da yawon Sallah da lissafin barka da Sallah a bayan gida, da wasan jika da kaka wanda ban ga kamarsa a katun ɗin kowace ƙasa ba. Muna da Hasumiyar Gobarau da Ƙofar Soro da dokin da ya fi mahayinsa ado. Muna da Gizo, wanda ya yi shekaru aru-aru yana jiran mai zana shi. A Abuja, Adamu Waziri ya nuna da Bino and Fino cewa ɗan Nijeriya zai iya yin katun na yaran Nijeriya, Kannywood ta nuna akwai masu kallon labarin Hausa, tashar Arewa24 kuma tun 2014 take watsa shiri da Hausa dare da rana. Aikin katun yana cin kuɗi da lokaci, minti biyar kan cinye makonnin mutane da yawa, kuma mai zuba jari ya fi son abin da zai dawo da kuɗinsa gobe. Amma ina ganin akwai cikas da ya girmi kuɗi, shi ne irin rainin da ni kaina na yi, na ɗaukar abin yara a matsayin abin da bai cancanci hankalin manya ba. Marubutanmu suna rubuta wa masoya da 'yan siyasa, kaɗan ne suke durƙusawa daidai tsayin ɗan shekara bakwai.

Ban daina koyar da tatsuniya ba, kuma har yanzu ina ganin babu allon da zai maye ɗumin jikin kaka. Sai dai na daina cewa katun ne ya kashe ta. A gidanmu ma akasin haka ya faru. Bayan waccan Sallah Abba ya fara tambayar Inna yadda babansa ya yi azumin farko, ita kuma, da ta yi wata tara ba ta ambaci ɗanta ba sai a addu'a, ta buɗe baki. Daga labarin Yaya aka gangara labarin mahaifinmu, daga nan aka faɗa Gizo da Ƙoƙi, har ni nakan tsaya a bakin ƙofa ina saurare.

Da aka buɗe makarantu, wata rana na ɗauki littafin lissafin Abba zan duba aikin gida, sai na ga ya ɓata kusurwar kowane shafi da zanen biro. Na ɗaga murya zan yi faɗa, ya karɓi littafin ya ce in tsaya in gani. Ya kama gefen shafukan da babban yatsa ya sake su a jere. Wani doki mai ƙafafu kamar tsinken tsintsiya ya tashi da gudu daga shafi na ɗaya, bisansa mutum da rawani, gabansa ɗan yaro riƙe da linzami. A shafi na arba'in dokin ya ɗaga ƙafafun gaba ya yi jinjina.

Na tambaye shi su wane ne a kai. Ya ce shi ne da babansa, za su Ƙofar Soro.

Kashegari na biya kasuwa na sayo masa sabon littafin lissafi, na haɗa da wani mai shafi tamanin marar layi, da fensir biyu.